Idon Helmi da Wayoyi Takwas

Ranar da masana'antar safar hannu ta roba ta sallami rabin ma'aikatanta, Zulhelmi bai wuce gida kai tsaye ba. Ya tsaya a rumfar mai shayi a bakin titin Kamunting, aka haɗa masa mai kumfa, ya zauna yana kallon ruwan sama har shayin ya huce bai kurɓa ba. Tun yana saurayi yake tsaye gaban inji ɗaya, yana kallon hannayen tangaran suna nitsewa cikin narkakkiyar roba suna fitowa. Ga shi yanzu ya haura talatin, da mata da 'ya, ba shi da wata sana'a a hannu in ban da wannan tsayuwar.

Matarsa Mastura ce ta kawo zancen karatu. Tana da tebur a bakin layinsu inda take sayar da shinkafar kwakwa a ganyen ayaba kowace safiya, kuma cikin masu saye akwai wata da ke aiki a ofishin kwalejin al'umma ta garin.

"Abang, an ce suna koyar da haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna," in ji ta tana yanka kokwamba; Abang take kiransa, wato yaya. "Shekara biyu ne, kuɗin kuma ba na tashin hankali ba. Ba kai ake kira ba duk sanda intanet ɗin maƙwabta ya ɗauke?"

"Kashewa nake in kunna, Mas. Iyakar sirrin ke nan."

"To je ka a koya maka abin da ke bayan kashewa da kunnawa."

"Da waɗannan shekarun? In je in zauna da 'ya'yan cikina?"

"Damia ce kaɗai 'yar cikinka, ita kuwa ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Gemu ba ya hana ilimi, balle naka da bai fi a ƙirga da yatsu ba."

Haka Helmi ya shiga kwaleji. Da safe aji, da yamma ya hau babur yana kai wa mutane abincin da suka yi oda.

Ranar farko yana leƙa ajin, wani dogon yaro mai tarin suma ya miƙe da ladabin ƙarya ya ce, "Pak Cik, ofishin iyaye yana ƙasa, hannun hagu." Aji ya fashe da dariya. Sunan yaron Izzat, kuma kujerar da ke gefensa ce kaɗai ta rage babu kowa. Daga ranar sunan Pak Cik ya bi Helmi, wato kawu, har masu gadi suka ɗauka.

Malamarsu Puan Selvarani ce, wato Malama Selvarani, gajeriyar mace mai furfura, tabarau rataye a wuya. Ta daɗe tana aiki a kamfanin waya kafin ta koma koyarwa, kuma in ta yi magana a ɗakin gwaji sai an ji ta a wurin ajiye babura. Ba ta yabo, ba ta maimaita magana.

Watannin farko sun yi wa Helmi daɗi fiye da yadda ya zata. Aka koya musu cewa kowace kwamfuta da adireshinta kamar gida, da yadda ake yanka babban layi a raba shi unguwa-unguwa don kada saƙon ofishin kuɗi ya faɗa ɗakin baƙi. Wannan lissafin da ke sa yara dafe kai shi kam da ka yake yin sa. Izzat, wanda hannunsa ke da sauri amma lissafi ke ba shi barci, ya fara matso da kujerarsa.

"Pak Cik, don Allah wannan fa? Na rantse in ka nuna min zan daina kiranka Pak Cik."

Ya nuna masa. Bai daina ba.

Matsala ta fara ne ranar da aka shigo da ƙullin kebul. Puan Selva ta feɗe bakin ɗaya ta ɗaga sama. A ciki akwai siraran wayoyi takwas, bibbiyu a murɗe, kowace da launinta. Sai an warware su, an jera su a wani tsari da ba ya canjawa, a datse bakinsu daidai, a tura cikin ɗan kan roba, a matse da filaya. Daga nan a soka bakin biyu a na'urar gwaji. In aiki ya yi kyau, fitilu takwas za su kama ɗaya bayan ɗaya a jere. In an saɓa, sai su yi tsalle.

Na Izzat suka kama a karon farko, ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci ƙwallo. Na Helmi suka yi tsalle. Ya datse ya sake, suka sake tsalle. Kafin a tashi kawunan roba sun taru a gabansa kamar ɓawon gyaɗa.

Mako ya bi mako abin bai canja ba. Wani sa'in ya dace, sau da yawa ya saɓa, kuma shi kansa bai san abin da ya bambanta dacewar da saɓawar ba. Shuɗin yana ganinsa sarai. Sauran launukan uku kuwa, a ƙarƙashin fitilun ɗakin, duk dangin juna ne, wata ta ɗan fi wata duhu. Shi a zatonsa haka kowa ke ganinsu, illa dai idon yara ya fi nasa kaifi.

"Encik Helmi," wato Malam Helmi, in ji Puan Selva wata rana tana juya kebul ɗinsa, "gaggawar me kake yi? Abincin wa zai huce? Nan ba kan babur kake ba. Ka natsu ka duba abin da ke hannunka."

Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Tun yana yaro ake ce masa ya natsu ya duba.

Da jarrabawar hannu ta matso, barci ya fara yi masa wuya. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce akwai gurbin yaron mota a wani kamfanin dakon kaya, ya yi shawara. Helmi ya ce zai yi tunani, bai faɗa wa Mastura ba.

Ranar jarrabawa, lokaci na tafiya, wayoyin suna tsakanin yatsunsa yana jujjuya su gumi na ɗiga. Puan Selva ta juya baya tana duba aikin wata yarinya. Sai ya ji an zare kebul ɗin daga hannunsa ta ƙarƙashin tebur. Kafin ya ƙifta ido Izzat ya jera bakin biyu ya mayar masa, fuskarsa a gaba kamar ba shi ba. Helmi ya kalli bayan malamar. Sannan ya tura a kan roba ya matse. Fitilu suka kama tiryan-tiryan.

Da aka tashi Puan Selva ta ce, "Kowa ya tafi. Ku biyun nan ku tsaya."

Ta jira ɗakin ya zama fayau, ta ajiye kebul ɗin a tebur. "Gilashin tagar can yana nuna min bayana. Wa ya jera wannan?"

"Ni ne, Puan," in ji Izzat. "Bai roƙe ni ba, wallahi. Karambanina ne."

"Na karɓa, ai duk ɗaya ne," in ji Helmi, kansa a ƙasa. Ji yake kamar ƙasa ta tsage.

"Ku duka kun ci sifili, wannan an gama. Kai yaro ne, wauta ba ta gama sakinka ba. Amma kai, Encik Helmi, kai ne ka ba ni mamaki. Mutumin da ke raba adireshi da ka, a ce ya kasa haddace jerin launi? Lalaci ne ko raini? Karanto min jerin."

Helmi ya karanto ba tare da numfasawa ba. "Fari mai ratsin lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa, ruwan ƙasa."

Ta buɗe baki za ta ci gaba da faɗa, sai ta fasa. Ta ɗora tabaraunta a hanci ta dube shi sosai. Ta jawo wani guntun kebul, ta baza wayoyin a kan farar takarda.

"Miƙo min kore."

Ya duba, ya zaɓa, ya miƙa mata. Izzat ya saki dariya, yana zaton wasa ne, sai ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa.

"Wannan ruwan ƙasa ce," in ji ta a hankali. Ba su taɓa jin muryarta ta sauko haka ba. Ta ciro wayarta ta lalubo wani hoto, da'ira cike da ɗige-ɗige manya da ƙanana. "Izzat, me ka gani?"

"Saba'in da huɗu."

"Kai fa?"

"Ashirin da ɗaya," in ji Helmi.

Ta nuna wani. Izzat ya faɗi lamba nan take. Helmi ya ƙura ido har ya kawo ruwa, bai ga komai ba sai ɗige-ɗige. Ya tuna an taɓa nuna masa irin wannan lokacin neman lasin babur, ya ɗauka allon ne ya dushe, ya yi ta canki-canka har ya haye a zuwa na biyu.

Puan Selva ta zauna a kujerar ɗalibai. "Aiyo," ta ce. "Ni kuma ina ta ce maka ka natsu. Gobe ka je asibiti a duba idonka."

Likitar ido ba ta ja zance ba. Ta ce idonsa lafiya lau yake, sai dai ba ya raba ja da kore da danginsu yadda na sauran mutane ke yi. Da shi aka haife shi, ba ya ƙaruwa, ba ya warkewa, kuma yawanci ta wajen uwa namiji ke gadonsa.

Da ya faɗa wa Mastura tana tsaka da wanke tukunya. Ta tsaya da soso a hannu, can sai ta kwashe da dariya har da zama a ƙasa.

"Abang! Shekarar da na aike ka sayen yadin ankon sallah! Na ce kore, ka dawo da wani abu kamar ruwan kwata, ka dage kai kore ka sayo! Kwana biyu ban yi maka magana ba. Ga gwanda, kullum ɗanya kake kawo min, ina cewa don ta fi araha ne, mugun marowaci!"

Ta ɗago tana share hawayen dariya, ta ga fuskarsa. Dariyar ta ɗauke. Ta wanke hannu ta zo ta zauna kusa da shi.

"Karatun ya ƙare, Mas," ya ce. "Aikin duk launi ne. Na ɓata mana wata da watanni."

"Malamar ce ta ce ya ƙare?"

"Sai an faɗa min?"

Ranar Asabar ya hau babur ya tafi ƙauyensu wajen mahaifiyarsa. Ya same ta a bayan gida tana shanya barkono a tabarma. Gonar barkonon mahaifinsa tana nan, ko da yake tun rasuwarsa rabinta ya koma ciyawa. A wannan gonar Helmi ya sha duka ba adadi. A ba shi kwando a ce ya tsinko jajaye, ya dawo da rabi ɗanye. Abah, wato mahaifinsa, ya karyo tsumagiya yana cewa da gangan yake yi don a daina aikensa.

Ya zauna a kan matakala ya ba ta labarin abin da likita ta ce. Mak, mahaifiyar tasa, tana ta motsa barkonon da yatsu.

"Tok Wan ɗinka," ta ce daga baya, tana nufin mahaifinta. "Ba a taɓa barinsa ya je kasuwa sayen zane ba. Innarmu ce ke zaɓar masa komai, har dardumar salla. Mutanen gari suna tsokanarsa, shi kuma ya yi dariya ya ce duniya ce ta cika fi'ili. Mun ɗauka halinsa ne." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ashe ni na ba ka. Ina tsaye a nan ana dukanka a kan abin da ni na ba ka."

"Haba Mak, ke ma ba ki zaɓa ba."

"Abah ɗinka ya tafi bai sani ba. Da ya sani da bai ɗaga maka hannu ba, Mi. Kai ma ka san shi, zafin rai ne da shi, ba mugunta ba. Ka yafe masa."

"Na yafe tun tuni."

Gaskiya ya faɗa. Amma a hanyar dawowa, tsakanin gonakin kwakwar manja, ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa wanda bai ma san yana ɗauke da shi ba. Shekara da shekaru ya yarda cewa shi mutum ne mai ganganci, wanda ba ya duba abu da kyau. Ashe yana dubawa.

Duk da haka bai koma kwaleji ba. Ya kira abokinsa ya ce a riƙe masa gurbin motar.

Ranar Alhamis da sassafe yana taya Mastura naɗe shinkafa a ganye, wata tsohuwar ƙaramar mota ta tsaya a gaban teburin. Puan Selva ta fito, jaka a kafaɗa.

"Ƙunshi biyu, yaji da yawa," ta ce wa Mastura. Sannan ta juyo. "Kai kuma wa ya ba ka hutu?"

"Puan, ai kin ga abin da ake ciki."

"Na gani. Riƙe wannan." Ta ciro guntun kebul da wani ɗan falle na jar roba mai shara-shara, irin bangon fayil, an yanka shi daidai tafin hannu. "Ɗora a idonka ka duba."

Ya ɗora. Wayoyin nan uku da suka zame masa 'yan uku tun farkon zango suka rabu a gabansa. Ɗaya ta yi haske fes, ɗaya ta yi baƙi ƙirin, ɗaya ta tsaya a tsakani.

"Mai hasken ita ce lemo. Baƙar ita ce kore. Ta tsakiyar ruwan ƙasa."

Helmi ya cire robar, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ba dabarata ba ce," in ji ta. "Tun ranar nan nake bin tsofaffin ɗalibaina da waya ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani a Penang, idonsa irin naka, ya wuce ta ajina ban taɓa ganewa ba, don shi ya fi ka iya ɓoyo. Yau shi ke riƙe da layin wata babbar masana'anta. Shi ya faɗa min wannan, ya ce kuma ka sayi ƙaramar tocila mai farin haske, kada ka yarda ka yi aiki a duhu-duhu. Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai wuraren da ba za su ɗauke ka ba. Aikin wayar gilashi mai launi goma sha biyu, ka bar wa wasu. Amma matse kan kebul ƙofar gida ce kawai, Encik Helmi. Aikin yana ciki, a kan allo, kuma can ba na jin akwai wanda ya kai ka a ajin nan. Kada ka sake in maimaita wannan, ban saba ba."

Mastura ta miƙa mata ƙunshin ta ce a bar kuɗin. Puan Selva ta harare ta, ta ajiye a tebur.

"Sifilinku yana nan, kai da wancan mai sumar. Za ku sake jarrabawa ƙarshen wata. Aji ƙarfe takwas ne, ka je ka cire wannan zanen."

Ya koma. Izzat ya tarbe shi da cewa, "Pak Cik, ka ga abin da taimako ya jawo min? Ni da na fi kowa iya kebul, ni ne mai sifili. Babata ta ce in na ƙara sai ta aske min kai." Amma kullum bayan an tashi sai ya tsaya, ya yanko guntaye ya baje a tebur, Helmi na warewa da jar robarsa shi kuma yana cewa daidai ko a'a. A hankali yatsun Helmi suka fara gane abin da ido bai ba shi ba, cewa murɗin kowane bibbiyu daban yake, wani a matse wani sakwa-sakwa. Ranar da suka sake jarrabawa shi ne na ƙarshen gamawa. Fitilun suka kama ɗaya bayan ɗaya har ta takwas. Puan Selva ta rubuta maki ta ce, "Share teburinka."

Da aka shiga aikin akwatunan da ke rarraba layi, sai wata ta ɓullo. Kowace kafa tana da 'yar fitila, kore in lafiya, ruwan lemo in da matsala, shi kuwa duk ɗaya yake ganinsu. Wannan karon bai ɓoye ba, ya ɗaga hannu ya faɗa. Puan Selva ta ce, "To tambayi akwatin da kansa. Yana da baki." Ta nuna masa umarnin da ake rubutawa akwatin ya zayyano halin kowace kafa a rubuce. Yayin da sauran ke leƙen fitila, shi ya saba da karatu, har ya zama kafin a gama leƙe ya riga ya san inda ciwon yake.

A zangon ƙarshe aka tura su koyon aiki. Helmi ya faɗa hannun Tauke Chong, wato maigida Chong, mai wani ƙaramin kamfani da ke ja wa makarantu da ƙananan asibitoci layi. Tun a ranar farko, kafin ya zauna, ya faɗa masa zancen idonsa.

Tauke Chong ya dube shi ta saman kofin kofi. "Na'urar gwaji tana ganin launi?"

"A'a, Tauke."

"To ni da ita nake aiki. In ta ce daidai, ni ma na ce daidai. Ni ma matata kullum cewa take ban san launi ba, dubi rigar da ke jikina. Ɗauko tsani mu tafi."

Aikin da Helmi ba ya mantawa shi ne na wata makarantar firamare a gindin duwatsu, inda malamai ke hawa tudu da wayoyinsu in za su aika sakamakon yara. Sun yi kwanaki suna jan kebul a cikin silin, ƙura da kashin jemage. Ranar gamawa, layi ya kawo, malamai suna murna, Tauke Chong ya tafi gari sayo wani abu ya bar shi ya ƙarasa tsara akwatin. Helmi na jin kansa a sama, ya rubuta wani umarni ya danna. Allon ya tsaya cik. Daga ofis aka ji muryar shugabar makaranta tana cewa, "Ya ɗauke!" Ya rufe ƙofar da shi kansa yake shiga ta cikinta, ya kuma rufe wa makarantar gaba ɗaya. Igiyar da ake shiga akwatin da ita kai tsaye tana cikin motar Tauke.

Gumi ya karyo masa. Ya fita bayan aji ya hau tudun nan na malamai ya kira Puan Selva. Hayaniyar kasuwa na tashi a bayanta.

"Puan, na kashe makaranta guda."

"Madalla. Me ka taɓa na ƙarshe?"

Ya faɗa mata.

"Ka adana bayan ka rubuta?"

"Ban kai ga adanawa ba."

"To akwatin ya san da zancen in ya farka daga barci?"

Helmi ya ce, "In kashe in kunna."

"Ni ban ce komai ba. Kifi nake saye." Ta katse.

Ya sauko da gudu ya zare wutar akwatin ya mayar. Kafin Tauke Chong ya dawo komai ya daidaita. Duk da haka ya faɗa masa abin da ya faru. Tauke ya yi dariya har da tari, ya ce duk wanda bai taɓa kulle kansa a waje ba bai fara aikin ba tukuna, shi nasa a banki ya yi, ranar biyan albashi.

Da aka kammala, Tauke Chong bai bar shi ya tafi ba. Ya ba shi rigar kamfani da makullin ƙaramar mota, ya ce aikin silin na yara ne, shi ya riƙe akwatuna. Izzat kuwa ya samu aiki a Penang, a hannun mutumin nan mai ido irin na Helmi, wanda Puan Selva ta haɗa su.

Bayan sabon zango ya kama, Mastura ta tashi da asuba ta dafa shinkafa mai danƙo da kurkum, irin wadda ake yi in Allah ya cika wa mutum buri. Ta haɗa da kaza, don ta san malamar ba ta cin naman shanu. Suka ɗauki tiren su biyu, Damia na biye da kwanon ƙwai, suka nufi kwalejin.

Sun sami Puan Selva a ɗakin gwaji da sababbin ɗalibai. Helmi ya kwana biyu yana shirya abin da zai faɗa, har ya gwada a gaban Mastura. Da ya tsaya a gabanta da tire a hannu, duk ya bi iska.

"Puan," ya ce. "Ni dai... da ba don ke ba..."

"Da ba don ni ba da ka huta da faɗa," in ji ta. Ta ɗaga murfin tiren, ƙamshi ya cika ɗakin. Ta daɗe tana kallon shinkafar. Ta cire tabarau ta goge da bakin gyalenta, ta ce tururi ne.

Wani ɗalibi daga baya ya yi ƙarfin hali ya ce, "Puan, ba ke kika ce ko ruwa ba a shigowa da shi ɗakin nan ba?"

"Ni na kafa dokar, ni zan karya ta. Ku ture kwamfutocin can gefe, wanda ya zubar min da miya a kan allo ya maimaita shekara." Ta juya ga Mastura ta kama hannunta da hannu biyu. "Adik, ƙanwata, ke ce kika turo min shi, ko? Ke ya kamata a kawo wa tire."

"Ni na dafa, Puan, na ci rabona a bakin tukunya."

Aka baje takardu a tebur, yara suka yi layi. Puan Selva ta ɗora Damia a doguwar kujerarta ta malamai, ta ɓare mata ƙwai da kanta. Helmi na tsaye a gefe yana zuba wa ɗalibai, har yanzu yana neman bakin zaren jawabinsa.

"Encik Helmi," ta ce ba tare da ta dube shi ba, "na ji abin da kake son faɗa, ba sai ka ƙarasa ba. Zauna ka ci kafin waɗannan farin su cinye."

Ya ja kujera ya zauna.